Wace hanyar mota ce ta fi rangwame daga Kaduna zuwa Maraɗi, Kwatano da Gana?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni tela ne a Tudun Wadar Kaduna, kusa da Kasuwar Barci, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san hanya game da tafiye-tafiye biyu da ke gabana. Ta farko ta zumunci ce. Za a aurar da 'yar ƙanwar mahaifiyata a Maraɗi bayan Sallah, kuma ni aka ɗora wa nauyin raka mahaifiyar tamu, wadda shekaru suka fara ja, ba ta kuma jure dogon zama a mota. Idan hali ya yi, tana son mu wuce Yamai daga can domin ta gaisa da wani yayanta da suka daɗe ba su sa juna a ido ba.

Ta biyun ta neman na kai ce. Ina son in je Kwatano in ga kasuwar yadi da idona, in san farashin atamfa da leshi da shadda daga tushe maimakon dogaro da abin da dillalai ke faɗa mini, daga nan kuma in ƙarasa Kumasi wurin kawuna da ya daɗe da zama a zango. Kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfina, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ma ya zama abin da sai mutum ya yi lissafi kafin ya ɗaga ƙafa.

Abin da nake son sani shi ne hanyar da ta fi sauƙin kuɗi ba tare da na jefa mahaifiyata cikin haɗari ba, da takardun da ya wajaba in riƙe, da wurin da ya fi dacewa in canza kuɗi. Akwai kuma wani tunani da ya zo mini da na duba taswira: shin zai yiwu in haɗa tafiyar biyu, wato in bar mahaifiyata a Yamai wurin yayanta, ni kuma in gangara Kwatano ta Doso da Gaya, in huta da zagayen Legas? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Direban Kawo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan hidima ta mahaifiya. Zan tsaya a kan Nijar kawai, domin ita ce na yi rayuwata ina kai da komowa a bakin iyakarta.

Daga Kaduna zuwa Maraɗi hanyar Katsina ce taka, kuma tafiyar yini guda ce idan aka yi sammako. Ku isa tashar Kawo da an idar da sallar asuba, ku shiga motar Katsina ta farko da ke lodi, wadda za ta bi ta Zariya da Funtuwa da Malumfashi ta ɓulla Kankiya. Dalilin sammakon biyu ne: motar farko tana cika da wuri, ba za ku yi zaman jiran fasinja har hantsi ba, sannan za ku isa bakin iyaka da sauran rana. Daga Katsina zuwa Maraɗi kimanin kilomita 90 ne, ta Jibiya da Magama a ɓangarenmu, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Ƙananan motoci suna lodin wannan hanya kullum. Mai son rage kuɗi yana iya hawa ta Jibiya, ya sauka ya yi takardunsa, sannan ya hau wata daga can, amma tunda da tsohuwa kake tafe, ku nemi wadda za ta shiga da ku har cikin Maraɗi, don kada a riƙa sauke ta ana sauke kaya a cikin rana.

Akwai wurin da ban yarda ka yi tsimi ba. A ƙaramar mota irin Golf ko Sharon ana cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a ta baya, kuma mai ciwon gwiwa ba zai kai Malumfashi ba sai ƙafarsa ta sage. Ka samu ɗan kamasho tun kafin a fara lodi, ka biya kuɗin kujerar gaba gaba ɗayanta domin mahaifiyarka ta zauna ita kaɗai, kai kuma ka matsu a baya da sauran jama'a. Wannan ƙarin bai kai abin da za ka kashe a kemis ba idan ta isa gidan biki a galabaice. Kuɗin kaya kuma a yi cinikinsa a ƙasa kafin a ɗaure shi a but, domin da zarar an ja igiya, bakinka ya mutu.

Game da Yamai, mutane da yawa daga Kaduna suna bi ta Gusau da Sakkwato su fita ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, kuma lallai ta fi kusa a taswira. Ni dai ba zan ba mai tafiya da tsohuwa shawarar bin tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau ba a irin halin da ake ciki, balle ma ku da za ku riga ku kasance a Maraɗi. Daga Maraɗi manyan motocin safa na kamfanoni irin su Rimbo da STM suna tashi zuwa Yamai kullum, a kan babbar hanyar ƙasar mai lamba ɗaya, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kimanin kilomita 660. Tsarinsu ya bambanta da namu: ana sayen tikiti a ofishinsu tun ana gobe tafiya, kowa da kujerarsa, motar kuma tana tashi a kan lokacinta tun da duhun asuba, ba ta jiran sai ta cika. Suna tsayawa salla da cin abinci. A shingayen jandarma akan karɓi takardar shaidar kowane fasinja, wani lokaci a sauko da kowa a kira suna ɗaya bayan ɗaya, saboda haka takardunku su kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba.

Sauran ƙofofin, don amfanin wasu masu karatu: mai zuwa Damagaram ya bi ta Kano da Daura ya fita ta Kwangwalam zuwa Matamaye, ko kuma ta Maigatari a Jigawa, wadda babbar kasuwarta ke ci ranar Alhamis, kuma a ranar motoci sun fi yawa a hanya. Illela kuwa Lahadi take ci.

Sai maganar 'yan acaɓa da za su tare ku tun kafin ku kai shinge, su ce za su zagaya da ku ta daji a kuɗi kaɗan ba tare da an tambaye ku takarda ba. Kada ka saurare su. Wanda ya shiga ƙasa babu hatimin shiga, kowane shinge na gaba sai ya sayi kansa, kuma idan wani abu ya same shi a can babu shaidar cewa ya shigo ta halal. Dazukan yankin Jibiya kuma ba wurin da za a kai tsohuwa a kan babur ba ne. Wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi ne a lokutan da aka rufe iyaka, wato daga Agustan 2019, lokacin da ita Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai Afrilun 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya ratsa daji a wancan lokaci yana da uzurinsa, amma mai takarda a hannu ba shi da dalilin yin haka idan ƙofa a buɗe take.

Ka kuma koyi lissafin mutanen Nijar kafin ka shiga kasuwa, domin da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari ita ce sefa 500. Jika ɗaya kuma sefa 1,000. Baƙo da yawa yakan yi zaton an yi masa araha, sai ya zo biya ya ga abin ya ninka sau biyar.

Hajiya Mai Atamfa:

Sannu da ƙoƙari, Baba Direba, bayaninka ya gamsar. Ni kuma bari in ɗauki ɓangaren kudu, tunda sana'ata ce take kai ni Kwatano da Lome.

Ƙanena, wahalar wannan tafiya rabinta a cikin Nijeriya take. Motocin Legas suna lodi a tashar Mando, wasu manyan kuma a garejin Talbijin, kuma hanya biyu ce: ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jeba zuwa Ilori, wadda ta fi gajarta, ko ta Abuja da Lakwaja, wadda ta fi tsawo. Kafin ka biya, ka tambayi direban da kansa wacce zai bi, ka kuma tambayi waɗanda suka iso a ranar yadda suka baro hanyar. Ka tsara tafiyarka yadda za ka shiga Legas da safe, domin kwana ɗaya a masaukin kuɗi a Legas yana iya cinye duk abin da ka tattala a hanya. Da ka sauka ka nemi Mile 2, a nan ake lodin Badagiri da Seme, akwai kuma ƙananan motoci masu shiga har Kwatano. Tsakanin Legas da Kwatano kimanin kilomita 120 ne kacal, amma yawan shingaye tsakanin Badagiri da Seme yakan sa ta ci rabin yini.

A Seme, iyakar Nijeriya da Benin, tun shekarar 2018 jami'an ƙasashen biyu suna aiki a harabar gini ɗaya, wanda ya rage yawo. Abin da ke cin kuɗin baƙo a nan shi ne ruɗewa. Kafin ka gama sauke ƙafa daga mota samari za su kewaye ka, wani ya kama hannun jakarka, wani ya miƙo hannu yana cewa ka ba shi fasfo zai buga maka hatimi cikin minti biyar, wani kuma yana kaɗa maka damin sefa a fuska. Ka rataya jakarka a gaba, ka ce musu an gode, ka taka da ƙafarka zuwa tagar jami'an, ka miƙa fasfo da katin rigakafin cutar shawara a cikinsa, ka tsaya har a buga, sannan ka buɗe ka duba kwanan watan da aka buga kafin ka matsa. Ka ware ƙananan kuɗi a aljihu daban, kada ka taɓa zaro kuɗin sarinka a gaban mutane. Sananne ne kuma cewa mai sabon fasfo wanda ba a taɓa buga wa hatimi ba akan nemi ya ba da fiye da na kowa. Babu dokar da ta ce haka, kuma na ga waɗanda suka yi haƙuri suka yi magana cikin ladabi aka sallame su ba tare da sun yi asara mai yawa ba.

A nan ne na ɗan saɓa da masu cewa tafiya guntu-guntu ita ce kullum mafi araha. Tsakanin Legas da Akra iyaka uku ce: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana, kuma a kowace akwai hatimin fita da na shiga, wato shida a tafi, shida a dawo. Duk inda ka sauka akwai kuɗin babur zuwa wata tasha, akwai sabon cinikin kaya, akwai asarar canji, akwai kuma jiran mota ta cika. Wanda ba shi da abin yi a tsakani, kuma bai taɓa bin hanyar ba, ya fi masa sauƙi ya hau doguwar safa irin ta kamfanin ABC daga Legas kai tsaye zuwa Akra, inda ma'aikatan motar ke tattara fasfo su bi da su a kowace iyaka. Kuɗinta ya fi yawa a ido, amma idan aka haɗa lissafi tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Kai dai naka ya bambanta, tunda kasuwa za ka gani, saboda haka ka tafi guntu-guntu, ka dawo a doguwar mota idan ka gaji.

A Kwatano kasuwannin da za su amfane ka su ne Dantokpa da Misebo. Abin hawan gari shi ne babur, wanda suke kira zemijan, masu shi suna sanye da riga ruwan ɗorawa, kuma a yi ciniki kafin a hau. Ka nemi unguwar Zango, inda za ka ji Hausa ta ko'ina, ka samu masallaci da abincin da cikinka ya saba da shi, da masauki mai sauƙin kuɗi ta hannun 'yan'uwa fatake. Amma a matsayinka na tela, kada ka wuce Lome a guje. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce daga Kwatano a gefen teku, ta Wida da Aneho, kuma babbar kasuwar Lome ce cibiyar atamfa ta wannan yanki tun zamanin matan nan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka riƙe sarin atamfar Holan shekaru da dama. Abin da za ka gani a can na zane da launi zai buɗe maka ido a sana'arka ko da ba ka sayi ko turmi ɗaya ba.

Iyakar Aflawo a bakin garin Lome take, babur ma zai kai ka. Daga nan zuwa Akra kusan kilomita 190 ne, daga Akra zuwa Kumasi kuma kimanin 250, kuma manyan motocin Kumasi suna lodi a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Idan dare ya yi maka a Akra, ka nufi Nima ko Sabon Zango. Ka tuna cewa agogon Togo da na Gana yana bayan namu da awa ɗaya, alhali Benin da Nijar lokacinmu ɗaya da su, don kada ka yi wa kawunka alkawarin lokacin da zai je ya yi ta jira a tasha.

Gargaɗina na ƙarshe a kan kaya ne. Tunda kusa da Kasuwar Barci kake, ka san kuɗin gwanjo a can, za ka kuwa gan shi da araha a Misebo har ranka ya biya. Gwanjo yana cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su Nijeriya, haka ma kajin da aka daskarar, kuma an hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin ƙasa. A tafiyar farko ka sayi 'yan turame kaɗan da za su shiga jakarka, ka karɓi rasit, ka koyi hanya tukuna.

Malamin Rigasa:

Ina yi wa kowa sallama. Ina son in ƙara bayani a kan takardu, saboda a ganina su ne ke raba tafiya mai araha da mai tsada, fiye da zaɓin tasha ko na mota.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, bisa sharaɗin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da shaidar rigakafi. Takardar tafiyar iri biyu ce, kuma Hukumar Shige da Fice ce ke bayar da su: fasfo, ko kuma takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi sauƙin kuɗi, tana aiki shekara biyu, ana kuma sabunta ta. Fasfo ya yi tsada, domin daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000, kuma sai da lambar NIN ake yin sa. Ga Benin da Togo da Gana takardar ECOWAS ta wadatar a doka.

Nijar kuwa lamarinta ya sauya, domin ita da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, ita ma ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun mutanensu. Duk da haka, wanda zai wuce garuruwan bakin iyaka ya nutsa har Yamai, inda shingaye suke da yawa kuma bincike ya tsananta saboda matsalar tsaro, fasfo ne ya fi ba shi kwanciyar hankali. Tunda tafiya biyu ce a gabanka, Malam Tela, ni a ganina ka daure ka yi fasfon sau ɗaya ya yi maka duka.

Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, sashen kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne ke bayar da shi, kuma tun 2019 ana rajistarsa ta intanet. Abu biyu ya kamata a sani: ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai ana jibi tafiya ba ne, sannan tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu sayen kati ba tare da allura ba suna cutar kansu sau biyu, domin ba su da kariya daga ciwon, kuma ana iya gane katin a bakin iyaka. Dangane da mahaifiyarka, ka gaya wa ma'aikatan lafiya shekarunta da duk wata lalura da take da ita kafin a yi mata, saboda akan yi wa tsofaffi ƙarin tambayoyi a kan wannan allura.

Batun haɗa tafiyar biyu kuma, tunaninka daidai ne a taswira. Hanyar Yamai zuwa Doso zuwa Gaya, a haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, a bi ta Kandi da Paraku har Kwatano, ita ce babbar hanyar da kayan Nijar suka daɗe suna bi daga tashar jiragen ruwa. Sai dai an rufe gadar bayan juyin mulkin 2023, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, har jama'a suka koma ƙetare kogin da kwalekwale. Ga kuma hare-haren da arewacin Benin ke fama da su a 'yan shekarun nan. Kada ka gina tafiyarka a kan wannan gada sai ka ji daga bakin wanda ya bi ta a cikin makon da za ka tashi. Ni dai shawarata ka raba tafiyar biyu, ka dawo da mahaifiyarka gida tukuna.

Akwai wata hanya da ba a cika ambata ba ga mai zuwa Gana wanda ba ya son shiga Legas: daga jihar Kwara a fita ta Cikanda zuwa Nikki da Paraku, a wuce Jugu, a shiga Togo ta wajen Kara, a ɓulla Gana ta Tatale da Yandi zuwa Tamale, sannan a gangara Kumasi. Kusan sawun kakanninmu fatake ne da suke zuwa Gwanja sarin goro a kasuwar Salaga, shi ya sa har yau da wuya ka sauka a wani gari a kan wannan layi ba ka tarar da zango da masu jin Hausa ba. Motoci ba su da yawa a wasu sassanta, wani wurin sai ranar kasuwa, saboda haka ta fi dacewa da wanda yake da lokaci kuma ba shi da kaya masu nauyi.

Ɗan Adamawa a Kakuri:

Ko da yake mai tambaya bai ambaci gabas ba, bari in ɗan faɗi kaɗan saboda masu niyyar Kamaru ko Chadi. Waɗannan ƙasashe biyu ba sa cikin ECOWAS, don haka fasfo za a riƙa. Sefarsu ma ta Afirka ta Tsakiya ce, dabam da ta Nijar da Benin da Togo. Darajarsu ɗaya, domin dukansu an ɗaure su da yuro a kan 655.957, amma mai shago a Garwa ba zai karɓi takardar kuɗin Maraɗi ba.

Daga Kaduna, mai zuwa arewacin Kamaru ya bi ta Jos da Bauci da Gwambe zuwa Yola, daga nan ya nemi motocin Garwa, ko ya haura Mubi ya fita ta Sahuda. Mai son kudancin ƙasar ya gangara Ngaundare ya hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wanda ya fi mota hutu. Ƙofar Mfum da Ekok a jihar Kuros Riba tana da sabuwar gada tun 2022, amma tana shiga ne yankin masu magana da Ingilishi, inda ake rikici tun 2016. Hanyar Injamena ta Maiduguri da Dikwa da Gamborun Ngala zuwa Fotokol da Kusuri kuwa, ba ta baƙo ba ce shi kaɗai, sai tare da wanda ya saba bin ta.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya, da Malam, da ɗan'uwana na Kakuri. Na karɓi shawarar raba tafiyar, kuma zan fara neman fasfo da katin rigakafi tun yanzu, ni da mahaifiyata. Saura tambaya ɗaya da ba a taɓo sosai ba: shin in canza kuɗina gaba ɗaya zuwa sefa a nan Kaduna, ko in bari sai bakin iyaka? Kuma yaya zan yi da waya idan na ƙetare?

Hajiya Mai Atamfa:

Ƙanena, kada ka canza duka a wuri ɗaya. Kafin ka tashi ka tambayi 'yan canji biyu ko uku a nan Kaduna farashin ranar, don ka san ma'aunin da za ka yi ciniki da shi, ka kuma canza ɗan abin da zai ishe ka kuɗin mota da abinci na yinin farko, a ƙananan takardu na sefa 500 da 1,000 da 2,000, domin mai babur ba zai samo maka canjin 10,000 ba. Sauran ka canza a cikin gari, a Maraɗi ko Kwatano, wurin ɗan canji mai zaune a shago wanda mai masaukinka ya sani, ba wanda ke yawo da kuɗi a hannu a bakin shinge ba. Ka ƙirga a gabansa kafin ka miƙa naka. Sefar da ta rage maka daga Nijar ka adana ta, za ta yi maka aiki a Benin da Togo, kuma da ita za ka sayi sidi, kuɗin Gana, a Aflawo, domin 'yan canjin wurin sun fi maraba da sefa a kan naira. Kuɗin komawa gida kuma ka ware shi tun daga Kaduna, ka sa a aljihun ciki, kada ya haɗu da na kasuwa.

Idan za ku wuce Yamai, ba sai kun ɗauki kuɗi mai yawa a jiki ba. A Nijar akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana masu rassa a kusan kowane gari, sai ka zuba a Maraɗi da sunanka, ka karɓa a Yamai da takardar shaidarka.

Waya kuma, ka kashe data a layinka na Nijeriya tun kafin ka kai iyaka, domin kuɗin amfani da shi a wata ƙasa yana cinye kati cikin ɗan lokaci. A inda za ka yi kwanaki, ka sayi layin ƙasar da fasfonka, ka sa data kaɗan ka riƙa kira ta WhatsApp. Lambar mai masaukinku ta Maraɗi, da ta yayan Mama a Yamai, da ta kawunka a Kumasi, ka rubuta su a takarda da sunan unguwar kowa, ka ba mahaifiyarka kwafi ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta ko ta sa a jakarta, saboda ko da caji ya ƙare ko an raba ku mota a wani shinge, kowannenku ya san wanda zai kira.